Ga ɗan'uwa mai tambaya kan abin shafa maganin ciyawa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ka ce tafasa da rai-ɗore sun cinye maka filin kiwo, kana neman yadda za ka haɗa abin shafa magani da kanka, wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan bara waccan.

Kafin komai, don Allah kada ka bari kowa ya shigar maka fili da injin feshi. Ni gamba na shuka, damina biyu ina wahala a kanta, har ta rufe ƙasa. Na je shagon wani mai maganin gona, na yi masa bayani tiryan-tiryan cewa abincin shanu ne a ƙasa, masu faɗin ganyen nan kawai nake so su mutu. Ya miƙo mini galan ya ce wannan ba ruwansa da ciyawa. Ashe gilaifoset ne, wanda ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa sai ya bi shi har saiwa. Bayan kwana goma na je na tarar filin ya yi jawur. Na tsuguna na ja gindin gamba ɗaya, ya biyo hannuna ba gardama, saiwar ta ruɓe. Na daɗe a tsugunne a wurin. Da na koma wa mutumin, buɗar bakinsa sai ya ce yaron da ya fesa ne ya cika hannu. Ko haƙuri bai ba ni ba, ya juya yana sallamar wani. Ranin nan sai da na sayar da maruƙa biyu na sayi dusa da harawa. Har yau ba na bin layin shagon.

To, shi abin shafawar, wannan maganin dai ake zuba masa, sai dai igiya ce take goga shi a kan dogayen ciyayi, na ƙasa su tsira. Ka samo bututun ruwa na roba mai inci 3, nawa tsawonsa mita ɗaya da rabi, mutum biyu ke riƙe shi. Kada ka yi da na ƙarfe, maganin ba ya shiri da shi. Ka huda ramuka a jere, ka yanka igiya guntu-guntu, kowane guntu bakinsa biyu su shige cikin bututun, tsakiyarsa tana waje. Layi biyu za ka yi, na biyun ya rufe giɓin na farko. Igiyar ita ce komai: wadda take shan ruwa kamar lagwanin fitila, ba ta roba mai santsi ba. Ka liƙe bakin ramukan da gam, ka toshe gefe biyu, ka bar wurin zubawa a sama da ɗan hujin iska a murfinsa.

Ka fara gwada shi da ruwa zalla a tsakar gida. Igiya ta jiƙe, amma ko ɗigo ɗaya kada ya sauka. Nawa na farko yana ɗiga, na ga sawunsa a fili, tabo-tabo kamar an yayyafa tafasasshen ruwa.

Haɗin kuwa, magani kashi ɗaya, ruwa kashi biyu. Ruwan burtsatse mai tsabta, na kududdufi laka ce a ciki, tana kashe ƙarfin maganin. Kuma kada wani ya ce ka sa maganin ciyawar da ake kira farakwat, ganye kawai yake ƙonewa, ga shi mugun guba.

Na manta, ka fara sakin shanu su yi wa filin kiwo sosai. Za su cinye ciyawar su bar tafasa tsaye, to wannan tazarar kake so, aƙalla taƙi guda. Ka tafi a hankali, ka dawo ta kan layin don ganye ya samu ta fuska biyu. Bari raɓa ta bushe, in kuma ka ga hadari ka haƙura, maganin yana son kamar awa 6 ba ruwa. Safar hannu da takalmin ruwa dole ne. Ka shafa kafin tafasa da rai-ɗore su zuba 'ya'ya, kuma ka sa a ranka baɗi ma za ka sake, irin tafasa yana shekaru a ƙasa.

Bayan ka shafa ka hana dabbobi shiga aƙalla mako guda. Rai-ɗore dama guba ce ga shanu, ni in ta bushe tuge ta nake yi in ƙone. Sannan ka bi gidajen maƙwabta ka faɗa musu, don mata da yara suna shiga tsinkar tafasa su yi kwaɗo, ganyen kuma yana kwanaki da korensa bayan an shafa. Ni jan tsumma nake ɗaurawa a kusurwa huɗu na filin.