Amsa ga Malam mason da kuɗin aikinsu ya maƙale hannun ɗan kwangila

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ku shida kuka yi ginin katanga da shafen siminti a wani gida a unguwar Zariya ta birnin Maradi, wanda ya ɗauke ku ba shi ne mai kwangilar ba, shi ma wani ɗan kasuwa ne ya yanka masa aikin. Kun shirya kan jika 300 na kuɗin sefa, an ba ku 120, saura 180, yau wata biyu kullum sai ya ce shi ma ba a biya shi ba. Babu takarda tsakaninku. Allah ya fid da ku, haƙƙin gumi ba abin wasa ba ne.

Abu na farko, kada rashin takarda ya karya muku gwiwa. Yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce, matsalarta kawai tabbatarwa. Don haka tun yau ku zauna ku shida ku rubuta ranar da kuka fara, ranar da kuka gama, tsawon katangar da mita, da kowane kuɗin da aka ba ku da ranarsa. In ta Nita ko Airtel Money aka turo wani abu, ku adana rasit da saƙon, domin wanda ya ba ka kafin alƙalami ya riga ya amsa cewa akwai aiki tsakaninku. Ku ɗauki hoton katangar kafin a yi mata fenti. Ku tuna su wa suka gan ku kuna aiki: maigadin wurin, mai kawo ruwa a kura, mai tuwon da kuke ci bashi wurinta. Waɗannan su ne shaidu.

Sannan ku nemi wanda ya ɗauke ku ya amsa bashin da bakinsa. Kada ku je da faɗa. A tura masa saƙon murya ta WhatsApp cikin ladabi: "Maigida, sauran jika 180 ɗin nan, yaushe za mu sa rai?" In ya amsa da "ku ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata", to ya amsa adadin, kada a goge. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne ku kai shi gaban mai unguwa, a rubuta takardar amsa bashi: sunansa kamar yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, adadin da lamba da kuma haruffa, ranar biya, sa hannunsa da na shaidu biyu. Inda mutane ke yin sake shi ne a rubuta "zan biya in an biya ni". Kada ku yarda da wannan jimla ko kaɗan. Ta ɗaure kuɗinku ga abin da ba ku da iko a kansa. A sa rana, ko da kashi uku za a raba.

Yanzu ga abin da mafi yawan leburori ba su sani ba. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta san irin wannan ɗan tsakiyar, da Faransanci tana kiransa tâcheron. Ta ce idan ya kasa biya, wanda ya yanka masa aikin shi ke ɗaukar albashin ma'aikata, kuma ma'aikaci yana iya binsa kai tsaye. Ke nan "ba a biya ni ba" ba ƙarshen zance ba ne. Ku je wurin babban mai kwangilar, ku biyu kawai, da lissafinku a rubuce, ku tambaye shi ko ya sallami mutuminsa. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa: an biya shi tuntuni, ya zuba kuɗin a wani aikin. In kuma da gaske akwai saura, ku roƙa a riƙe naku daga ciki a ba ku hannu da hannu. Wannan fa sai an yi sauri, kafin a miƙa makullin gida. Da zarar ɗan tsakiyar ya karɓi kuɗin ƙarshe, ƙarfinku ya ragu da rabi.

In duk wannan bai yi ba, sai ofishin sufeton ƙwadago na jihar Maradi. Ku tafi da katinku, lissafin, hotunan, da lambar waya da adireshin mutanen biyu, ku ce a kira su duka. Sufeto zai nemi sulhu. In an daidaita a rubuta takardar sulhu, wadda in shugaban kotu ya sa mata hatimin zartarwa ana iya tilasta biya da ita. In ba a daidaita ba, ku karɓi takardar rashin sulhu ku wuce kotun ƙwadago, inda shari'ar ma'aikaci kyauta ce. Kada ku bari a yi ta ja muku rai da gobe da jibi, don neman albashi yana da wa'adin shekara 2.

Akwai wani bambanci da ya kamata ka duba, Malam. In kai ne ka karɓi aikin a dunƙule ka ɗauko sauran biyar, to a idon doka kai ma ɗan kwangila ne, sufeto na iya ce maka taka ta kotun farar hula ce, yaran kuma kai za su bi. A nan takardar amsa bashin nan ita ce dukiyarka, da ita ake neman umarnin biya daga alƙali.

Komisariya, wato ofishin 'yan sanda, kuwa, bashi ba laifi ba ne da ake tsare mutum a kansa, iyaka su tsorata shi ya kawo wani abu. Kuma don Allah ku ja kunnen yaranku, kada wani ya ɗauke buhun siminti ko baro ya ce ya riƙe a madadin kuɗinsa, ko ya fasa abin da ya gina. Ranar nan mai bin bashi zai koma wanda ake tuhuma. In wanda kuke bi bashin ya kawo rabi ku karɓa, amma a rubuta a takardar cewa an karɓi kaza, saura kaza, kowa cikin ku shida ya sa hannu.