Amsar Baffa: Shin Al'ada Ta Hana Yaro Faɗin Laifin Babba?

Ɗana, saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce akwai wani attajiri a unguwarku da ake cewa ya tara masara da shinkafa ya kulle yana jiran farashi ya ƙara hawa, ga kuma wani mai muƙami da aka ba kayan tallafi ya raba wa mabukata, ya karkatar da su gidansa da gidajen yaransa na siyasa. Abokanka sun baza hotunansu a Facebook, kai ma hannunka na ƙaiƙayi, sai gwaggonka ta ce wannan fitsara ce, al'adarmu ba ta yarda yaro ya tona asirin babba ba. Kana tambaya ko haka ne.

Gwaggonka ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta ƙarasa maganar ba. Akwai abin da aka hore mu mu rufe: magidancin da bashi ya yi wa katutu, wanda 'yarsa ta yi abin kunya, wanda ya zame cikin wani saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa. Irin wannan in ka gani ka kau da kai, ko matarka kada ta ji daga bakinka. Amma buhun da aka ce a kai wa marayu da zawarawa ba asirin kowa ba ne, haƙƙin jama'a ne. Ban taɓa jin inda iyayenmu suka ce a lulluɓe wanda ya danne shi ba. Allah da kansa ya ce a Suratun Nisa'i ba ya son a bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta.

Ni a kasuwar hatsi na tashi, ka bari in gaya maka yadda na same ta. Kada wani ya ruɗe ka da cewa mutanen da duk waliyyai ne. Akwai masu ba da falle, manomi ya karɓi dami ɗaya da damina ya biya biyu da kaka. Akwai mai awon da zai bubbuge gindin kwanonsa ya shige ciki, ido ya ga mudu ya cika alhali an tauye shi. Akwai mai zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasan buhu ya rufe sama da tsaba mai kyau. Bambancin shi ne, ranar da aka kama shi, a tsakiyar kasuwa sarkin kasuwa zai ɗaga mudun kowa ya gani, a auna shi da na gaskiya, a ƙwace. Babu mai cewa a duba furfurarsa. Daga ranar dillalai sun daina kai masa baƙo, matan da ke aiko yara awo sun sauya rumfa, in ya je neman aure wa ɗansa sai an tuna masa. Mai gaskiya kuwa, zai cika mudu ya tallafe gefensa da tafin hannu don kada ya zube, ya juye, sannan ya ƙara maka gyara ba ka roƙa ba. Kowa ya san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji damshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. A fili ya faɗa, a kasuwa.

Amma ka lura, ajiya ba laifi ba ce. Manomi na da rumbu, ɗan kasuwa na saye da kaka ya fitar da bazara, kuma da ba su yi haka ba da babu abin da za a ci a watan bakwai. Abin da aka tsine wa shi ne mutum ya ga gari na kuka da yunwa ya bi kasuwanni ya share kayan, ya sa kwaɗo, yana lissafin ribar da hawayen mutane za su kawo masa. Wannan shi ne malamai ke cewa babu mai yin sa sai mai saɓo. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, zargin ɓoye abinci ya cika gari. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a kasuwar hatsi ta Dawanau, 'yan kasuwar kuma suka fito suka ce su ba ɓoyewa suke yi ba. Ka ga ko hukuma da ta shiga ta gani da idonta sai da aka yi jayayya da ita. To kai wa ya buɗe maka sito ka leƙa? Wa ya ce maka kayan nasa ne, ba ajiyar wani ba? "An ce" ba ta isa a ɗora hoton mutum a gaban duniya ba.

Batun masu mulki kuwa, tarihinmu bai san shiru ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fito ƙarara ya soki sarakunan zamaninsa kan karɓar gaisuwa da ɗora wa talakawa harajin zalunci. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa suka tsaya gaban 'yan doka da alƙalai suna cewa talaka ma mutum ne. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A lokacin ma an ce musu marasa kunya, marasa ladabi. Amma da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, har waɗanda suka zage su sun ji sanyi. A Nijar, lokacin babban farin nan, cikin dalilan da sojoji suka bayar da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Shugaba Diori Hamani a 1974 har da sama da faɗi da abincin agaji. Cin abincin mayunwaci bai taɓa yi wa kowa kyau ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ku kanku kuke yi a wayoyin nan, domin ina gani. Za a fara da maganar shinkafa, kafin la'asar an koma zagin uwar mutum, an nemo hoton matarsa, an sa makarantar da 'ya'yansa suke. Me yarinya 'yar firamare ta ci a cikin buhun? Wasu kuma da kake gani suna kumfar baki ba kishin talaka ba ne, sojojin baka ne, wani ɗan siyasa ke sa musu kati. Gobe in wancan ya fi ba da tsoka za su juya su wanke wanda suka zaga yau. Wasu mabiya suke nema, sun gane cin mutunci ya fi kowace haja tafiya. Na ga bidiyon wata dattijuwa da aka miƙa wa taliya ƙwaya biyu, tana jan mayafi tana rufe fuska, mai ɗauka yana cewa ta ɗago ta yi wa mai girma addu'a. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba. Wanda ya yi wannan da mai tauye mudu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, dukkansu da raunin talaka suke kasuwanci.

Da can ma ana zambo, ana habaici, maroƙi na iya hana attajiri marowaci barci. Sai dai yana yi ne da fuskarsa, an san gidansu, in ya yi ƙage akwai inda za a same shi. Ba a san ɓuya a bayan sunan ƙarya ana jifa ba. Kuma kafin magana ta fita waje akwai matakai: a tura wa mutum amininsa, in ya ƙi a gaya wa liman ko mai unguwa, in ya toshe kunne sannan a kai gaba. Wannan ba tsoro ba ne, ƙofa ce ake bar masa ya mayar da haƙƙi, tunda abin da ake so buhu ya isa ga mai shi.

Saboda haka ban hana ka magana ba. Maganar attajirin ka dakata da ita tukuna, ba ka da komai a hannu sai ji-ta-ji-ta. Ta mai muƙamin ita ce za a iya bi, domin kayan tallafi ba sa zuwa sai da adadi da jerin sunaye. Ku nemi sanin buhu nawa aka kawo mazaɓarku, ku zagaya gidajen da aka rubuta ku ji wa ya samu wa bai samu ba, ku rubuta. In ta kai ga sai an wallafa, ka sa sunanka, ka faɗi abin da ka tabbatar kawai, ka bar iyalinsa, kada kalmar zagi ko ɗaya ta shiga. Ka tuna a 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala da tara saboda bidiyon da suka yi a TikTok kan gwamnan lokacin. Ba na son mahaifiyarka ta kwana tana zarya ofishin 'yan sanda.

Ku fara da mai unguwa, ku uku ko huɗu masu hankali, ban da masu zafin kai. In kun tsayar da rana ka sanar da ni, zan shigo mu je tare. Ka gaida mutanen gida.