Ya dace in zaunar da yaron da aka taɓa kullewa a ɗaki kan kujerar horo?

Tambaya: Salam likita, ɗan yayata ne nake riƙo, shekararsa 5, a inda ya taso duka yake sha kuma ana kulle shi a ɗaki. Yanzu cizo yake da jifa, in na ce bari sai ya ƙara. An ce in riƙa zaunar da shi kan kujera shi kaɗai in ya yi laifi, amma ina tsoron kar in fama masa tsohon miki.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, tsoronki yana kan hanya, amma binciken da aka yi bai nuna zaman kujerar na cutar da irin waɗannan yara ba in an yi shi daidai. Akwai shirin PCIT, wato shirin koya wa iyaye yadda za su tafiyar da yaro mai ƙiriniya wanda zaman kujera ke cikinsa, da masaniyar halayyar yara Sheila Eyberg ta ƙirƙiro a Amurka don 'yan shekara 2 zuwa 7, a wani bincike da aka wallafa a 2004 ma an gwada shi a jihar Oklahoma kan iyayen da aka samu da dukan 'ya'yansu, kashi 19 cikin 100 ne aka sake kai ƙararsu, a cikin waɗanda aka saka a shirin horar da iyaye da aka saba yi kuwa kashi 49.

Toh amma abin da mutane ke tsallakewa, a shirin nan ba a fara da kujera. Makonni ake ɗauka uwa tana wasa da yaron minti 5 kullum, shi ke jan ragamar wasan, ita dai yabo kawai, "kai, ka jera su da kyau!", babu umarni babu gyara, don kinga kujerar janye masa hankalinki ce na ɗan lokaci, yaron da bai taɓa ɗanɗana hankalin naki ba me za ki janye masa?

In kin zo kan kujerar, minti 3 ya isa, a inda yake ganinki, ƙofa a buɗe, kar ki kuskura ki rufe masa ɗaki. Gargaɗi ɗaya da murya a kwance, in lokaci ya cika ya yi abin da kika ce tun farko, ki yabe shi, magana ta wuce.

Sannan ki lura da idonsa. Yaron da ya kalle ki ya jefar da cokali da gangan daban, wanda ya ji an buga ƙofa ya hau rawar jiki yana kare kansa da hannu shima daban, wannan firgita ce, zama za ki yi kusa da shi har numfashinsa ya daidaita. In firgitar na yawan zuwa ko yana zabura cikin barci, ki kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwar yara tukunna kafin ki fara kujerar.