Saiwar chi shao ta ƙasar Sin: wadda za a saya, da wanda bai kamata ya sha ba

Tambaya: A kasuwar Qingping ta Guangzhou an nuna mini chi shao da bai shao, mai shago ya ce duk uwa ɗaya ta haife su. In ɗauki mai araha?

Alhaji, rabin gaskiya ya faɗa maka. Yawancinsu daga tsiro ɗaya suke, Paeonia lactiflora, kodayake ana samun chi shao daga Paeonia veitchii ta yankin Sichuan. Chi shao ita ce jar saiwa, bai shao kuma fara, kuma inda suka rabu shi ne gyara. Bai shao nomawa ake yi, a dafa ta, a kankare bawon, shi ya sa take fara sumul. Chi shao kuwa da bawonta ake shanya ta, ba ta ga wuta ba. Likitocin gargajiyar Sin na ba da farar don ƙarfafa jini, ja kuma don sanyaya jini da motsa wanda ya daskare, kamar a ciwon mara na al'ada ko kumburin bugu. Ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya, don haka takardar likitanka za ka bi, ba farashi ba.

Ka karya guda ka duba. Chi shao mai kyau bawonta ruwan ƙasa ne mai kaushi da tsagi a tsaye, cikinta fari ko ja-ja mai gari-gari, da zane kamar hasken rana daga tsakiya. Tana da ɗan ƙamshi, a baki ɗaci kaɗan da bauri. Ta Duolun a Mongoliya ta Gida, wani yanki na arewacin Sin, ce ta yi suna. In ka ji warin farar wuta, an turara ta ne don ƙwari, kuma hakan na rage paeoniflorin, sinadarin da ake auna ingancinta da shi; ƙa'idar magunguna ta Sin ta ce kada ya gaza kashi 1.8 cikin ɗari a busasshiyar saiwar da ba a sarrafa ba. Gari kam kada ka saya, ba ka san abin da aka niƙa ciki ba.

Tambaya: Nawa ake sha, kuma yaya ake dafawa?

Giram 6 zuwa 12 a rana, kuma da wuya a ba da ita ita kaɗai. A jiƙa yankakkiyar saiwar rabin awa, a tafasa, a rage wuta minti 20 zuwa 30, a tace, a sake dafa tukar, a haɗa ruwan biyu a sha safe da yamma. Tukunyar ƙasa ake so. Ƙarfe mai tsatsa na haɗuwa da baurinta ya baƙanta ruwan. Ba a haɗa ta da saiwar li lu, wani maganin gargajiyar Sin mai guba.

Tambaya: Mahaifiyata na shan warfarin, ƙafarta na ciwo. In saya mata?

Hajiya, don Allah kada ki saya. Saiwar na rage daskarewar jini, warfarin ma aikinsa ke nan, haka aspirin da clopidogrel. In suka haɗu ana iya ganin haɓo, jinin dasashi, baƙin bayan gida, wani zubar ma a ciki yake ba a gani. Mai juna biyu, mai zubar jinin al'ada da yawa da wanda za a yi wa tiyata duk su ma su nisance ta. Ciwon ƙafa ga mai shan warfarin kuwa, musamman in ƙafa ɗaya ce ta kumbura ta yi zafi, a kai Mama asibiti yau.