Furannina na tukunya suna ta mutuwa a zafin Kano, in sayi esi ko in haƙura?

Wata 'yar uwa daga Kano ta turo min tambaya, tace tana sayar da ƙananan furannin nan masu kaurin ganye da ake sawa a tukunya ana ajiyewa a falo ko ofis, tana tallansu a Instagram. A watan Maris ta saro tukunya 60 daga Jos a kan naira 2,500 kowace ɗaya, kafin ƙarshen Afrilu 22 sun mutu, wasu ganyen ya yi laushi kamar an dafa wasu kuma sun ruɓe daga gindi. Wai ta ciri kuɗi a jarinta ta sa musu esi ne, ko ta bar sana'ar?

To 'yar uwa sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Amma dan Allah kar ki sayi esi. Mu fara da lissafi tukuna, kin kashe 150,000, tukunya 38 suka rage miki, kinga kenan kowace ɗaya ta tsaya miki kusan 4,000 ba 2,500 ba, kuma kince 4,500 kike sayarwa, ba a ma sa kuɗin mota daga Jos da na data ba. Yanzu in kika ɗora esi a kai, ƙaramin ma yana shan kusan yunit ɗaya a awa, ga wuta ba kullum ba sai kin tada janareto, wallahi ribar tukunya 38 ba za ta biya wannan ba ko ta wata ɗaya. Kuma wanda ya saya a wajenki zai kai gidan da babu esi, bayan sati biyu ta mutu ya dawo yace kin sayar masa da mara lafiya.

Matsalar daga wajen saro kayan take. Mutane suna ɗauka duk shukar da ke ajiye ruwa a ganye 'yar sahara ce, ba haka bane. Masu kama da fure a zagaye ɗin nan da suka fi kyau a hoto, irin su Echeveria, asalinsu yawanci tsaunukan Meziko ne, sun fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 27. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200 shi yasa suke yin kyau a can, ke kuma kin sauko dasu Kano ana gab da shiga Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wani abu kuma, irin waɗannan shuke-shuken da rana rufe ƙofofin numfashin ganyensu suke don kar ruwa ya fita, sai da dare suke buɗewa, to in ɗakin rufin kwano ne da ke riƙe zafi har asuba shukar bata samu ta huta ba sam. Sai ke kuma ki ga ta yi yaushi tausayi ya kama ki ki ƙara mata ruwa, ruwa da zafi su haɗu a cikin tukunyar roba, saiwar ta ruɓe. Na tabbata rabin 22 ɗin nan haka suka tafi.

Abin da zan ce ki kashe wa kuɗi kaɗan ne. Ki yi rumfa ta zana ko koren ragar nan ta masu lambu a gefen gidan da ke samun hantsi kawai, rana ta tsaka kar ta taɓa su, iska kuma ta dinga ratsawa. Ki ɗaga su daga kan siminti ki ɗora a benci na katako, ki taɓa simintin tsakar gida da azahar ki ji, abin da saiwar ke sha kenan. Ki fitar dasu daga baƙar roba ki mayar tukunyar ƙasa mai huji a gindi, ga masu ginin tukwane nan a kusa da mu, tana numfashi kuma kwastoma ma ya fi son ganinta. Ƙasar ki haɗa da yashi mai tsakuwa da ɗan dakakken gawayi. Ban ruwa sai kin tura yatsa kin ji ta bushe ƙaƙas, kuma da yamma ko da sassafe. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi ki rataye a rumfar, ki dinga dubawa da azahar da kuma bayan isha'i.

Sannan ki raba kayanki da lokaci kamar yadda mai sayar da rigar sanyi yake yi. 'Yan Jos ɗin ki saro su daga Nuwamba zuwa Janairu, sanyin hunturunmu baya cutar dasu, kaɗan kaɗan kuma, in da hali ma sai an yi oda an bada rabin kuɗi. Da bazara ki koma kan masu jure zafinmu, alobera, moda, da kariya wadda a dajinmu ma take fitowa kuma furenta ja mai kyau ne, sai dai ki faɗa wa mai saye ruwan jikinta dafi ne ya nesanta ta da yara. Alobera da moda suna fitar da 'ya'ya a gindi, ki ɓalle ki dasa, wannan kaya ne da baki saro ba. Da damina kuma musamman Agusta ki tabbata ruwan sama baya zuba musu kai tsaye.

Farashi kuwa ki sa asarar a ciki tun farko, in kin saro goma ki lissafa kamar takwas za ki sayar. Duk wanda ya saya ki tura masa ɗan saƙo a WhatsApp na inda zai ajiye da yadda zai ba ta ruwa. Sauran 38 ɗin yau ɗin nan ki zazzage su ki duba saiwar, wadda ta yi baƙi ki yanke, ki bar shukar ta sha iska a inuwa kwana biyu ko uku kafin ki sake dasawa, kar ki ba ta ruwa sai bayan sati.