Yadda za ka shirya doki ya ɗauki mahayi mai nauyi

Ka tambaya ko dokinka mai nauyin kilo 450 zai iya ɗaukar ka, kai da kake da kilo 95, ba tare da ya wahala ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada nauyin mahayi tare da sirdi ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, wato kilo 90 ga naka, saboda haka ka ɗan haura iyaka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka a 2008 ya nuna cewa dawakin da suka ɗauki kashi 25 zuwa 30 sun fi saurin bugun zuciya da ciwon tsoka, kuma waɗanda ke da faɗin ƙugu da kaurin ƙashin ƙafa sun fi jurewa.

Shawarata ita ce ka bi a hankali, domin tsoka takan ƙarfafa cikin makonni, amma jijiyoyi da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Ka fara da tafiya kawai ta minti 20, sannan ka riƙa hawa tudu da shi, wanda ke gina gadon baya da cinyoyi; sassarfa ta biyo baya, sukuwa kuwa sai can gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne sirdi. Bayan ka sauka, ka cire shi ka shafa bayan dokin da tafin hannu: idan ya lanƙwashe, ko ka ga busasshen wuri a tsakiyar gumi, to sirdin yana matse shi a nan. Kuma ka riƙa hawa daga kan dakali, kada ka rataya dukan nauyinka a likkafa guda.