Yadda za ka auna gamsuwar fasinjojin jirgin Abuja zuwa Kaduna

Ɗan'uwa, ka ce kana son auna gamsuwar fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna don aikin kammala digirinka, kuma kana tunanin tura fom ta WhatsApp. Ni dai shawarata ka taka da ƙafarka zuwa tasha, domin fom ɗin waya 'yan boko masu data kaɗai zai iske.

Ka tsaya a tashar Rigasa ta Kaduna da tashar Idu ta Abuja, safe da yamma, ranakun aiki da ƙarshen mako. Tari kowane mutum na biyar da ya sauko, ba wanda fuskarsa ta yi maka ba. Mutum 385 sun isa kuskuren ƙiyasi ya tsaya wajen kashi 5 cikin 100.

Kada ka tambayi "ka gamsu?" a dunƙule, mutanenmu alhamdu lillahi za su ce ko sun wahala. Rarraba musu: sayen tikiti, tashi kan lokaci, tsabtar banɗaki, tsaro, kowanne maki 1 zuwa 5. Batun tsaro kam bi shi a hankali, harin da aka kai wa jirgin a Maris 2022 bai bar zukatan mutane ba. Mata kuwa, mace ta tambaye su.

Sannan ka leƙa tashar motocin Abuja, can za ka samu waɗanda suka daina hawa jirgin.